Kariyar Ɗaukar Kaya a Bambar Tirelar Kwana: Yadda Kilo 191 Ya Yaga Ƙarfe a Hanyar Jos Zuwa Akwanga

Tirelar da ake magana a kanta ba irin ta dakon siminti ba ce. Ƙarama ce mai ɗaki a kai, da gadaje huɗu, da ɗan kicin, da makewayi, irin wadda Amurkawa ke ɗaura wa mota idan za su tafi hutu. Wani ɗan kwangilar haƙa rijiyar burtsatse a Jos ya saye ta ta hannu, domin ma'aikatansa su riƙa kwana a ciki idan aiki ya kai su ƙauyen da babu masauki. Hilux ce ke jan ta. Ta yi wata takwas tana zirga-zirga tsakanin Jos da ƙauyukan Bauchi da na Nasarawa, ba ta taɓa ba direba wahala ba.

Da aiki ya ƙaru sai bayan Hilux ya cika da bututu da kayan haƙa, aka rasa inda za a sa janareto da jarkoki. Mai tirelar ya samo kariya, wato abin ɗora kaya a baya, ta ƙarfe mai kama da kwando, tsawonta santimita 150, faɗinta 60, wadda ke da wuya guda na ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake zurawa cikin soket mai inci 2. Tirelar ba ta da soket a baya, don haka aka haɗo da wani ɗan soket da ake ɗaurewa a tsakiyar bamba da bol huɗu. A jikin kariyar an manna takarda mai cewa tana ɗaukar fam 500, wato kilo 227. Da wannan lambar aka yi aiki, kuma daga nan kuskuren ya faro.

Abin da aka ɗora

Janareto da man da ke cikinsa kilo 45. Jarkar ruwa biyu masu lita 25, kilo 52 har da nauyin robar. Jarkar fetur ɗaya mai lita 25, kilo 20, domin fetur bai kai ruwa nauyi ba, litarsa ɗaya kusan kilo 0.74 ce. Tukunyar gas mai kilo 12.5, wadda idan ta cika takan kai kilo 27 saboda ƙarfen tukunyar kaɗai ya ɗan haura gas ɗin da ke ciki. Akwatin sifanu kilo 15. Jimilla kilo 159.

Duk wanda ya dubi 159 ya dubi 227 zai ce da sauran wuri. Abin da ba a lissafa ba shi ne kariyar kanta kilo 27 ce, soket ɗin kuma kilo 5. Bamba ba ta san bambancin kaya da kwando ba, abin da ta sani kilo 191 ne ya rataya a jikinta, ban da safaya taya mai kilo 20 da ke maƙale da ita tun daga masana'anta.

An kuma duba takardar da ke manne a gefen hagu na gaban tirelar, inda aka rubuta GVWR, wato iyakar nauyin tirela da duk abin da ke cikinta. Fam 5,000 ne, kilo 2,268. Tirelar da kayan kwana da abinci tana da kilo 2,000. An ƙara 191 ya zama 2,191, bai kai iyaka ba. Lamba biyu ke nan aka duba, dukansu suka ce a tafi.

Yadda abin ya faru

Tun tafiyar farko direban ya dawo da ƙorafi. Ya ce wa mai tirelar: "Alhaji, motar nan ta sauya hali. Da na haura tamanin sai in ji kamar wani na jan ta ta baya, hagu da dama." Aka ɗauka iskar taya ce, aka kai wa mai faci ya daidaita, aka ci gaba da aiki. Bayan tafiya ta biyu wani ma'aikaci ya lura kariyar ta ɗan sunkuya, bakinta na baya ya fi na gaba kusa da ƙasa da kamar yatsa biyu. Aka ƙara ɗaure bol ɗin soket, aka ce sassautawa ya yi.

A tafiya ta uku, mako na uku da ɗaura kariyar, an nufi wani aiki a wajen Akwanga. Bayan an wuce Riyom aka fara gangaren Hawan Kibo, tirelar ta soma kaɗa wutsiya a daidai lokacin da wata tanka ta gifta. Allah ya taimaka direban gogagge ne, bai danna birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya ɗaga ƙafa daga totur har ta lafa. Da aka sauka ƙasan dutsen, 'yan kilomitoci kaɗan gaba, tayoyin tirelar suka faɗa wani rami. Bambar ta ɓalle daga gefen hagu, ta rataya da gefen dama kaɗai, kariyar ta daki kwalta aka ja ta kusan mita hamsin kafin a tsaya. Janareton ya fashe tanki, jarkar fetur ta goge a titi ta huje, tukunyar gas ta gangara cikin kwalbati. Ƙarfe yana gogar kwalta yana tartsatsi, ga fetur yana zuba, amma wuta ba ta tashi ba, kuma babu mota a baya a lokacin. Ba wanda ya ji rauni.

Abin da ƙarfen ya nuna

Da aka dawo da tirelar Jos aka kai ta wajen mai walda, mai ita yana zargin waldar masana'anta ce ba ta kama ba. Mai waldar ya shafa wurin da yatsa ya ce: "Ranka ya daɗe, walda ba ta saki ba. Ga ta nan daram a jikin shasi. Ƙarfen bambar ne ya yage ya bar ta." Haka abin yake. Layin waldar yana nan cikakke, da ɗan ɓallin bangon bamba manne da shi kamar an yagi takarda.

Bambar irin waɗannan tireloli bututu ne mai kusurwa huɗu, inci 4 kowane gefe, kusan santimita 10. A ido tana da cika, mutum ya ga kamar za ta ɗauki sa. Da aka auna kaurin bangonta sai aka samu milimita 1.6, a ƙasa kuma inda tsatsa ta ci bai fi milimita 1 ba. Tun ran gini ran zane: an yi wannan bututun ne domin a zura tiyon zubar da ruwan makewayi a ciki a rufe da murfin roba, a kuma rataya safaya taya. Tiyon kan shiga da laima, laimar ta kwanta a ƙasan bututun, tsatsa ta riƙa ci daga ciki alhali fentin waje yana sheƙi. Tirelar da ta fito daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara ta fi muni, saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi. A jikin wannan bambar babu wata lamba da ta ce ga abin da za ta ɗauka, kuma rashin lamba ba izini ba ne.

Bakin yagewar ma yana da labari. Kusan kashi biyu bisa uku na tsagar ya yi duhu, da jar tsatsa a kai, ya kuma yi sulɓi saboda ɓangarorin biyu sun daɗe suna gogar juna. Ragowar ne kawai yake fari mai ƙyalli. Ma'ana ramin da aka faɗa ƙarasa aikin kawai ya yi. Tsagar ta fara ne tun kwanakin farko, daga kusurwar sama, daidai gefen walda inda zafin wuta ya taɓa ƙarfe ya sauya masa hali, ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan da kowane girgiza.

A tsakiyar bambar kuma, inda aka ɗaure soket, bangon sama da na ƙasa sun loɓa ciki. Wannan shi ne asalin sunkuyawar da aka gani bayan tafiya ta biyu. Bol ɗin bai sassauta don kansa ba, bututun ne ya matse a ƙarƙashinsa, ƙarin ɗaurin da aka yi kuwa ƙara murƙushe shi ya yi.

Me ya sa kilo 191 ya yi wannan ɓarna

Da an ɗora kayan a kan bambar kai tsaye, nauyin zai danna ta ƙasa ne kawai. Kariya ba haka take aiki ba. Tana miƙe ne a bayan bamba, tsakiyar kwandon yana nesa da bambar da santimita 45: wuyan kariyar ya ci 15, rabin faɗin kwandon ya ci 30. Duk wanda ya taɓa zura bututu a hannun sifana don ya kwance notin taya ya san abin da nisa ke yi wa ƙarfi. Kariyar ta zama hannun sifana, bambar ta zama noti.

Ga lissafin. A ninka nauyi da nisa: kilo 191 sau mita 0.45 ya ba da kusan 86. Wannan murɗawar dole bututu mai tsayin santimita 10 kacal ya tare ta, gefensa na sama ana fizgar shi baya, na ƙasa ana tura shi gaba. A raba 86 da mita 0.1, sai a samu kilo 860. Wurin walda biyu ne, hagu da dama, kowanne ya ɗauki kilo 430. Tirelar tana tsaye a gareji ke nan, ba ta motsa ba.

A kan hanya lissafin sai ya ninka. Yawancin waɗannan tireloli sifirin ne kawai a ƙarƙashinsu, babu shakazoba, kuma bayan tirela shi ne inda ya fi kowane wuri tsalle, kamar yadda fasinjan kujerar ƙarshe a bas ya fi kowa shan wahalar rami. Idan taya ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu da sauri, kayan kan tashi sama su dawo su doka. Mai ƙera irin wannan abu yakan ninka nauyin tsaye sau biyu zuwa uku kafin ya zaɓi ƙarfe. Sau uku na 430 ya haura kilo 1,200, a kan gefen walda ɗaya, a jikin ƙarfen da kaurinsa bai kai milimita 2 ba. Ba a bugu ɗaya yake karyewa ba. Kamar waya ce da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke, kuma daga Jos zuwa Akwanga da dawowa ana samun dubban irin wannan lanƙwasa.

Wani abu da ya ƙara tsananta lamarin shi ne rawar da wuyan kariya ke yi a cikin soket. Idan akwai gibin milimita biyu ko uku, kowane tsalle sai ya zama bugun guduma. Direban ya ce yana jin ƙwanƙwasa daga baya tun ranar farko. Jarkokin ma da igiyar roba aka ɗaure su, wadda ke miƙewa ta bar kaya su yi tsalle su faɗo.

Kaɗa wutsiyar, wadda ta fi yagewar haɗari

Yagewar bamba ita ce ta jawo hankali, amma abin da ya kusa kashe mutane shi ne wanda ya faru a gangaren Hawan Kibo, kuma ko da bambar ta kai ƙarfin layin dogo da sai ya faru.

A dubi kurar ɗan ga-ruwa. Tayoyi biyu ne a tsakiya, hannu a gefe ɗaya. Idan ya jera jarkoki daidai, yana jin ɗan nauyi a hannunsa, kurar na bin sa yadda yake so. Idan ya tara su a can ƙarshen da ke nesa da shi, hannun sai ya nemi ɗaga shi sama, kurar ta riƙa kufce masa. Tirela kura ce babba. Tayoyinta su ne tsakiya, wuyanta da ke zaune a kan ƙwallon ƙugiyar mota shi ne hannu. Dole ne wuyan ya danna ƙugiya da wani kaso na nauyin tirelar. Ga tirelolin Amurka ƙa'idar ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Na Turai ana ƙera su da tayoyi kusa da tsakiya, sukan yi aiki da ƙasa da haka, kamar kashi 5 zuwa 7, don haka kada a ɗauki lambar wata a ɗora wa wata.

An auna wannan tirelar. Daga ƙwallon ƙugiya zuwa tsakiyar aksil biyun, wato ƙarafan da tayoyi ke jikinsu, mita 4.2. Daga nan zuwa bamba mita 2.4. Kafin a sa kariya wuyanta yana danna ƙugiya da kilo 230, wato kashi 11.5 na kilo 2,000. Shi ya sa ta yi wata takwas lafiya.

Tsakiyar kariyar yana bayan aksil da mita 2.85, wato 2.4 da 0.45. Abin da wuya ya rasa shi ne nauyin da aka ƙara, sau nisansa daga aksil, a raba da nisan aksil zuwa ƙugiya: 191 sau 2.85, a raba da 4.2, ya ba da kilo 130. Wuyan da ke da 230 ya koma 100. Nauyin tirelar kuma ya hau zuwa 2,191. Kilo 100 cikin 2,191 bai kai kashi 5 ba. An sauko daga 11.5 zuwa ƙasa da rabin mafi ƙarancin abin da ake buƙata, da kayan da mutum biyu suka loda cikin minti goma.

Kilo 130 ɗin nan bai ɓace ba, kan tayoyin tirela ya koma. Aksil ɗin da ke ɗauke da kilo 1,770 sun koma ɗaukar 2,091. An ƙara kaya na 191, tayoyi sun ji ƙarin 321.

Ban da sauƙin wuya, nauyin da ke can ƙarshen wutsiya yana da nasa sharrin. Idan iskar babbar mota ta ture tirela gefe, abu mai nauyi da ke nesa da tayoyi yakan ƙi tsayawa idan ya fara lilo, ya wuce tsakiya ya tafi ɗaya gefen, ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Kowace tirela tana da gudun da idan an haura shi lilon ba ya mutuwa da kansa, sai dai ya ƙaru. Loda baya yana sauko da wannan gudun. Tamanin ɗin da direban ya ambata ita ce sabuwar iyakar, kuma da an saurare shi da an gano matsalar tun makon farko. A gangare abin ya fi tsanani, saboda motar ba jan tirela take yi ba, tirelar ce ke tura motar.

A nan akwai wani gibi da ya zama ruwan dare a tirelolin da ake shigowa da su. Suna zuwa da birkin lantarki a tayoyinsu, wanda ke buƙatar filogi mai baki bakwai da wata 'yar na'ura a gaban direba. Wannan tirelar fitilu kawai aka haɗa mata, birkin yana nan ba a taɓa amfani da shi ba. Da yana aiki, direba zai iya matsa birkin tirela shi kaɗai da hannu, ta ja baya ta miƙe layi. Tan biyu ba birki a Hawan Kibo ganganci ne ko da kariya ko babu.

Nawa ne ainihin iyakar

Iyaka ba ɗaya ba ce. Akwai ta kwandon, akwai ta soket, akwai ta bamba da inda ta haɗu da shasi, akwai ta aksil da tayoyi, akwai GVWR, akwai kuma ta nauyin wuya. Wadda ta fi ƙanƙanta ita ce ke da iko, kuma lambar jikin kwando kusan kullum ita ce mafi girma. Mai ƙera kariya ya gwada kwandonsa ne a jikin ƙugiya mai ƙarfi da ke ɗaure da shasin mota. Bai san bambar wani ba.

A wannan tirelar, kowane kilo da aka sa a kariya yana cire wa wuya kilo 0.68, yana kuma ƙara kilo 0.1 a kan abin da wuyan ke buƙata don ya tsaya a kashi 10. Rarar da ake da ita kilo 30 ce, tsakanin 230 da 200. A raba 30 da 0.78, ya ba da kilo 38. Kariya da soket sun riga sun cinye 32. Abin da ya rage na kaya kilo 6 ne, wanda bai kai rabin akwatin sifanu ba.

Gyaran da aka yi

An yanke tsohuwar bambar gaba ɗaya. Faci a kan ƙarfe mai milimita 1.6 ɓata sandar walda ne: sanda mai geji 10 huda shi za ta yi, mai geji 12 da ta fi ta siranta ma sai da hannu mai sanyi, kuma ko ya kama, sabuwar tsaga za ta fito a gefen facin. Kafin a kunna wuta an cire batir, an sauke tukwanen gas, an janye wayoyin fitilu, an kuma sa falangen ƙarfe tsakanin wurin aiki da ƙasan ɗakin, domin daɓen katako ne, abin da aka rufe shi da shi ta ƙasa kuma roba ce.

An sa sabon bututu mai santimita 7.5 kowane gefe, kaurin bango milimita 4. An yi masa hannaye biyu da farantin ƙarfe mai milimita 6, kowanne ya shiga ya kwanta a gefen dogon ƙarfen shasi har santimita 40. Hannayen an walda su da bututun, da ƙaramin ƙarfe mai kusurwa uku a sama da ƙasa don ya raba nauyi, amma da shasi ɗaure su aka yi: bol M12, wato mai kaurin milimita 12, mai lambar ƙarfi 8.8 a kansa, huɗu kowane gefe, da washa mai faɗi da noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da girgiza. Dalilin ƙin walda a nan shi ne shasin waɗannan tireloli shi ma ba kauri gare shi ba. Layin walda da ya gitta leɓensa na sama ko na ƙasa wuri ne da tsaga za ta fara, kuma tsagar shasi ta fi ta bamba tsadar gyara nesa ba kusa ba. Ramukan bol a tsakiyar gefen ƙarfen ake huda su, ba a leɓe ba. A kula da bol ɗin kasuwa marasa lamba a kai, da ƙarfen banza ake yin su.

Kariya mai wuya guda an ajiye ta. An ƙera ƙaramin faranti mai ƙafa biyu, kowace ƙafa a saitin dogon ƙarfen shasi, ta yadda nauyi zai wuce kai tsaye cikin shasi ba tare da ya murɗa bututun daga tsakiya ba. An matso da shi jikin bamba, tsakiyarsa ya dawo santimita 30 maimakon 45. Nauyinsa kilo 15. An ɗaga shi sama da layin ƙasan shasi, saboda duk abin da ya miƙe a bayan tirela shi ke fara gogar ƙasa idan ana hawa gidan mai ko tsallaka kwalbati.

Sai aka koma kan sikeli. An mayar da safaya taya gaba, kan ƙarafan wuyan tirela, mita 3.2 gaban aksil. Wannan kaɗai ya ƙara wa wuya kusan kilo 27: 11.4 na cire ta daga baya, 15.2 na sa ta a gaba. Sabuwar bamba ta fi tsohuwar nauyi da kilo 15, ta cire wa wuya 9. Ya tsaya a 248, tirelar kuma 2,015. Da sabon nisan, abin da za a iya ratayawa a baya ya kai kilo 60, faranti 15, kaya 45. Janareto shi kaɗai ke nan. An rubuta "KILO 45" da fenti a jikin farantin, don ma'aikacin da zai yi lodi da asuba ba zai tsaya yin lissafi ba. Ƙarfen da aka sa zai ɗauki fiye da haka sosai, amma wuyan tirelar ne ya yanke lambar.

Jarkokin ruwa sun koma cikin ɗaki, a ƙasa, kamar rabin mita gaban tsakiyar aksil. Kayan da aka ajiye a wannan wurin ba ya sauya kason wuya, yana raba kansa daidai yadda ake so. Fetur da gas sun koma bayan Hilux, tukunyar a tsaye, a ɗaure. Bai kamata su taɓa zama a bamba ba ko da nauyi ya ba da dama, domin nan ne wurin da motar baya ke fara duka.

Auna wuya ba ya buƙatar sikelin manyan motoci. Sikelin buhu na 'yan hatsi mai kai kilo 300 ya isa, a sa gungumen katako a tsaye tsakaninsa da bakin wuyan. Idan sikelin awon mutum ne kawai a hannu, a ajiye shi a gefe ɗaya, bulo mai tsayi daidai da shi a ɗaya gefen, a kwantar da guntun bututu a kan kowanne, tazarar bututun biyu santimita 90. A shimfiɗa katako mai kauri a kansu, a sauke wuyan tirela a santimita 30 daga bututun bulo. Abin da sikeli ya nuna a ninka sau uku. Sharaɗi shi ne ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, a tokare tayoyi, tirelar tana ɗauke da duk kayan tafiya, wuyan kuma yana tsayin da yake zama idan an ɗaura shi a mota. Wannan tirelar ta nuna 72 bayan gyara, wato kilo 216, kashi 10 da ɗan ɗoriya. Sai a duba littafin motar da ke ja a tabbatar ƙugiyarta ta yarda da wannan nauyin.

An haɗa birkin lantarkin. An mayar da lambar tirela da fitilun baya inda janareto ba zai rufe su ba, abin da jami'an kiyaye haɗurra da na VIO ke tsayar da mutum a kai, kuma da gaskiyarsu. An sayi bel biyu masu ƙarfen ja maimakon igiyar roba, ana gitta su a kan firam ɗin janareton, ba a kan tankinsa ba.

Bayan kilomita 20 na farko an tsaya an sake bin bol takwas ɗin da sifana, haka kuma bayan tafiya ta farko. Yanzu kafin kowace fita direba yana taka ƙarshen farantin da ƙafa ya girgiza, wani yana durƙushe yana kallon mahaɗar hannaye da shasi. Abin da ake nema shi ne fentin da ya tsage a layi, ko jan ƙura kamar garin bulo a gefen walda ko a ƙarƙashin washa, alamar ƙarfe biyu na gogar juna. Idan an yi shakka, a kankare wurin, a shafa kananzir, a bar shi minti goma, a goge tas, a shafa garin alli. Inda akwai tsaga kananzir zai fito ya zana layi mai duhu a cikin farin allin. Ana kuma auna tazarar bakin farantin daga ƙasa a wuri ɗaya a gareji, a rubuta a bango. A ranar da aka gama aikin santimita 52 ce, kuma umarnin da aka ba direba shi ne idan ta sauka ko da santimita ɗaya, a sauke janareton a kira mai walda kafin a fita.